Tarihin Rigar Sanyi Maras Hannu da Saƙar Kwarashi

Gabatarwa

A littattafan koyar da saƙar kwarashi, in ɗalibi ya gama koyon ƙananan abubuwa irin su mayafin wuya da hula, tufa ta farko da a kan ba shi ya gwada sau da yawa ita ce rigar sanyi maras hannu. Ƙirarta ba wuya: ƙyalle biyu ne masu kusurwa huɗu, ɗaya gaba ɗaya baya, a haɗe su a kafaɗa da gefe, a bar wa wuya da hannuwa ƙofa. Sabo da wannan sauƙi nata, mutane da yawa sun ɗauka rigar da saƙar duka tsofaffin abubuwa ne, tun na kaka da kakanni. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba.

Abin da wannan takarda ke nufin nunawa shi ne, rigar da saƙar kowace da tata hanya ta biyo, ba su kuwa haɗu sosai ba sai bayan 1960. Za a kuma ga cewa sauƙin rigar ba a banza ya samu ba. Tsimi da yaƙi da ƙarancin ulu su ne suka yi ta rage mata kaya, har ta zama abin da sabon hannu zai iya gamawa. Sanin wannan yana da amfani ga malamin da ke koyar da aikin hannu, domin wanda ya san dalilin da ya sa abu ya yi sauƙi shi ya fi sanin inda ɗalibinsa zai yi tuntuɓe.

Saƙa iri uku

Dole mu fara da gyara kalmomi, don Hausa kalma ɗaya ta ke da ita, watau saƙa, ga sana'o'i uku da ba hanyarsu ɗaya ba. Ta farko ita ce ta masaƙa, inda a ke miƙe zare a tsaye, a riƙa gitta wani ta tsakaninsa da ƙoshiya. Ta biyu ita ce ta tsinke biyu, inda zare ɗaya tak a ke laƙwasawa ya zama zobba, waɗanda za mu kira idanu, jeri guda na idanun nan yana rataye a jikin tsinke yana jiran jeri na gaba. Ta uku ita ce ta kwarashi, watau tsinke ɗaya mai ƙugiya a baki. A nan ma zare ɗaya ne, amma a kan gama kowane ɗauri a kulle shi kafin a shiga na gaba, har ya zama ido ɗaya kaɗai ke saura a jikin ƙugiya.

Wannan bambanci na ƙarshe, ko da ya ke ƙarami ne a ido, shi ne ginshiƙin dukan abin da zai biyo baya.

Saƙar tsinke biyu ta girmi kwarashi nesa ba kusa ba. An sami safunan auduga a Masar waɗanda masana suka ƙiyasta an saƙa su tsakanin ƙarni na 11 da na 13. A Turai kuwa ta bunƙasa har wani Bature, William Lee, mutumin Calverton kusa da Nottingham, ya ƙago injin saƙa safa a 1589.

Asalin kwarashi

An sha faɗin cewa kwarashi daga Larabawa ya fito, wasu su ce daga Sin, wasu kuma daga Amurka ta Kudu. Wata masaniya 'yar ƙasar Danmak, Lis Paludan, ta bi gidajen adana kayan tarihi na Turai tana neman shaida, ta kuwa bayyana cewa ba ta sami wani ƙyallen kwarashi tabbatacce da ya girmi shekara ta 1800 ba. Tsofaffin ƙyallayen da a kan nuna a ce na kwarashi ne, in an duba su da kyau sai a tarar da allura mai kafa aka yi su, ta wata tsohuwar dabara dabam.

Abubuwa biyu ne suka share masa fage. Na farko wani irin ado ne da ya shiga Turai daga ƙasashen Gabas a ƙarni na 18. A kan ɗaure ƙyalle a jikin zoben itace ya yi tsam kamar fatar ganga, sa'an nan a soka siririyar ƙugiya ta sama, a jawo zare daga ƙasa, a yi ta jera sarƙa a fuskar ƙyallen. Masana da yawa sun karkata ga cewa daga baya ne aka lura sarƙar nan tana iya tsayuwa da kanta, aka yar da ƙyallen aka riƙe ƙugiya da zare. Na biyu kuwa wata saƙar talakawa ce ta Sikotilan da arewacin Turai, wadda a ke kira saƙar makiyaya, a kan yi ta da ƙugiya mai faɗi da ulu mai kauri, don yin safar hannu da hula. Elizabeth Grant ta ambace ta a littafin tarihin rayuwarta, inda ta ke ba da labarin shekara ta 1812.

Bayanin yadda a ke saƙar kwarashi ya fara fitowa a ɗab'i a wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé, a 1823. Abin da aka koyar a ciki ƙananan jakunkunan kuɗi ne na siliki da zaren zinariya da azurfa. Bayan haka littattafai suka yi ta fitowa a Biritaniya: na Jane Gaugain a Edinburgh a 1840, da na Eleonore Riego de la Branchardière a 1846. Kalmar kanta Faransanci ce, ma'anarta ƙaramar ƙugiya.

Sai mai karatu ya lura da irin kayan da a ke yi a wannan zamani: jakar kuɗi, da leshi na bakin riga, da abin wuya, da marufin teburi. Kusan duk kayan ado ne na siririn zare. Kwarashi ya shiga gidajen masu hali a matsayin hanya mai araha ta kwaikwayon leshin allura, wanda ke cin watanni kafin a gama ɗan guntu.

Yunwar Ailan

Abin da ya mai da kwarashi sana'ar neman abinci shi ne babbar yunwar da ta auka wa ƙasar Ailan daga 1845 zuwa 1852. Wata cuta ce ta kama dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawan ƙasar. Daga cikin mutane fiye da miliyan 8, wajen miliyan 1 suka mutu, fiye da miliyan 1 kuma suka yi ƙaura. A cikin wannan hali ne matan addinin Kirista na gidan ibadar Ursuline da ke Blackrock kusa da Cork, da Cassandra Hand, matar limamin cocin Clones, da wasu irinsu, suka shiga koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi.

Dalilin da ya sa aka zaɓe shi a fili ya ke. Kayan aikin ƙugiya ce da ƙullin zaren auduga, ba a bukatar ɗaki na musamman, in kuma aikin ya yi datti a hannu sai a wanke shi. A kan raba aikin: wannan ta saƙa furanni, waccan ganyaye, wata kuma ta haɗe su da raga. 'Yan kasuwa suka riƙa kai leshin London da Paris da New York, kuɗinsa kuwa ya ciyar da gidaje, ya kuma biya wa wasu kuɗin jirgi zuwa Amurka, inda suka tafi da sana'arsu.

Da farko manyan mata sun raina shi, suna ganin leshin marasa hali ne. Sarauniya Victoria ta taimaka wajen kawar da wannan raini, don ta yi amfani da leshin Ailan, ta kuma iya saƙar da kanta. A 1900, tana tsohuwa tukuf, ta saƙa mayafan wuya 8 na ulu, aka ba zaɓaɓɓun sojojin da ke yaƙi a Afirka ta Kudu.

Asalin riga maras hannu

To, mu bar kwarashi nan, mu koma baya mu ɗauko labarin rigar. A watan Oktoba na 1666, wata guda bayan gobarar da ta cinye birnin London, Sarki Charles na Biyu ya sanar da majalisarsa cewa zai kafa wata sabuwar shiga ga mazan fada. Samuel Pepys ya rubuta labarin a littafinsa na yau da kullum, ya kuma ce nufin Sarki shi ne ya koya wa manyan ƙasa tsimi. John Evelyn kuma ya ce ƙirar irin ta mutanen Farisa ce. Doguwar riga ce mai kama jiki, a kan sa kwat a bisanta. A cikin ƙarni na 18 sai ta yi ta gajarta, hannuwanta suka faɗi, aka kuma koma yin bayanta da yadi mai araha tun da kwat yana rufe shi. Ita ce ta zama falmaran ɗin Turawa da muka sani.

Wannan falmaran tela ke yanka shi daga yadi. Rigar ulu saƙaƙƙiya kuwa ta masunta ce da ma'aikata, irin ta mutanen tsibiran Guernsey da Jersey. A ƙarshen ƙarni na 19 'yan wasannin motsa jiki suka ɗauke ta, daga nan ta sami sunan da muka ara muka ce suwaita, wanda asalinsa kalmar gumi ce a Ingilishi. Sa'ad da aka cire mata hannu don a sa ta ƙarƙashin kwat, sai ta gaji gurbin falmaran.

Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ya watsa ta. Amurka ta shiga yaƙin a watan Afrilu na 1917, a wannan shekara kuwa ƙungiyar Red Cross ta ƙasar ta nemi a saƙa wa sojoji suwaita miliyan ɗaya da rabi, da safa da mayafin wuya kowanne kamar haka. Ƙirar da ƙungiyar ta rarraba ta maras hannu ce, an kuma sauƙaƙa ta iyakar sauƙi: a saƙa doguwar shimfiɗa guda, a bar ƙofar wuya a tsakiya, a ninka ta biyu a kafaɗa, a ɗinke gefe da gefe a bar wa hannuwa wuri. Da gangan aka yi haka. Masu saƙar da yawansu sababbin hannu ne, har da 'yan makaranta da tsofaffin maza. Ulu ya yi tsada. Soja kuma yana bukatar abin da zai shiga ƙarƙashin rigarsa ta aiki ba tare da ya ɗaure masa damtse ba. Ke nan ƙirar da a ke ba mai koyo a yau an gyara ta ne tun farko domin mai koyo.

Bayan yaƙi rigar ta koma ta ado. Yariman Wales, wanda ya zama Sarki Edward na Takwas, shi ne kuma wanda aka yi wa babban hawan daba a Kano a 1925, ya riƙa fita wasan golf a farkon shekarun 1920 da suwaita mai zane-zane ta tsibirin Fair Isle da ke arewacin Sikotilan. Samari suka yi koyi da shi, masu hannu da marasa hannu duka suka sami kasuwa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sake mai da ita abin larura. Daga 1 ga Yuni 1941 har zuwa Maris 1949, ba a sayen tufa a Biritaniya sai da takardar rabo. An fara da ba babban mutum takardu 66 a shekara, daga baya aka rage, ulun saƙa ma yana cikin abin da aka ƙayyade. Mata suka riƙa warware tsofaffin riguna, su wanke ulun su sake saƙawa. Riga maras hannu mai launi-launi ta dace da wannan hali ƙwarai, don hannuwa biyu suna cin babban rabo na ulun riga, guntayen zare kuma masu launi dabam-dabam sun isa su fitar da zane.

Haɗuwar biyun

Duk rigunan nan da muka ambata da tsinke biyu aka saƙa su, akwai kuwa dalili. Ɗaurin kwarashi kulle ne bisa kulle, sabo da haka ƙyallensa ya fi kauri, ya fi cin zare, ba ya kuma miƙewa ya koma kamar na tsinke biyu. A zamanin da a ke auna ulu da oza, ba mai son hanyar da ta fi cinsa.

Abin da ya sake lissafin shi ne zaren roba. Kamfanin DuPont na Amurka ya fara sayar da zaren akirilik da sunan Orlon a 1950, wasu kamfanoni suka bi baya. Zaren yana da araha, yana karɓar rini mai haske, yana jure wanki, asu ba ya cinsa. Ana cikin haka, a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970, samari da 'yan matan Amurka da Turai suka shiga ƙyamar kayan masana'anta, suna neman tufafin da hannu ya yi. Sai suka tono wata tsohuwar dabara da ke cikin littattafan saƙa tun ƙarshen ƙarni na 19, watau ƙaramin murabba'i da a ke farawa daga tsakiya a yi ta kewayawa, ana sake launi a kowane zagaye. Turawa suna kiransa murabba'in kaka, domin tsofaffi ke yinsa da ragowar zare su haɗa bargo. Aka ɗauki murabba'an nan aka jera su gaba da baya, aka sami riga maras hannu. A nan ne labaran biyu suka zama ɗaya, kimanin shekara 300 bayan sanarwar Sarki Charles, da kuma kusan 150 bayan mujallar Holan.

Yayin ya lafa a shekarun 1980, ya kuma sake tashi a 2020, sa'ad da annobar korona ta tsare mutane a gida, dubbai suka koyi kwarashi ta hotuna masu motsi a intanet.

Dalilin sauƙinta

Yanzu muna iya faɗin abin da ya sa rigar ta dace da mai koyo. Na farko, ido ɗaya ne a ƙugiya. In tsinke ya zame wa mai saƙar tsinke biyu, jeri guda na iya zubewa, ido ɗaya da ya kuɓuce kuma sai ya yi ta warwarewa har ƙasa. Mai kwarashi kuwa in ya yi kuskure sai ya ja zare ya koma daidai wurin, saura na nan a kulle. Na biyu, mafi wuyar sashe a kowace rigar Turawa shi ne kan hannu, inda dole a yi ta ragi da lissafi don lanƙwasar hannu ta dace da ta kafaɗa. In babu hannu, wannan lissafi ya faɗi. Na uku, rashin miƙewar ƙyallen kwarashi, wanda ke takura gwiwar hannu da hammata, ba ya cutar da rigar da ta tsaya a ƙirji da baya. Abin da ya ke aibi a wata riga ya zama ba kome a wannan.

Wurare uku ne suka rage inda ɗalibi kan faɗi. Ɗaya, bakin aiki: a kan manta da ɗaurin ƙarshe na jeri, ƙyalle ya yi ta tsukewa, maganinsa kuwa ƙirga ɗauri a kowane jeri. Biyu, awo: hannun kowa da irin riƙonsa, sabo da haka a kan fara saƙa ɗan gwaji mai faɗin inci 4, watau santimita 10, a ƙirga ɗaurin da ke ciki kafin a yanke yawan sarƙar farko. Uku, ƙofar wuya: tun da ƙyallen ba ya miƙewa, dole a gwada ta a kai kafin a kulle kafaɗa. Malamin da ke aiki da littattafan waje ya kamata ya san cewa sunayen ɗauri na Ingila da na Amurka sun saɓa da mataki guda: wanda Amurkawa ke kira na ɗaya shi mutanen Ingila ke kira na biyu. Wanda ya bi littafin wannan ƙasa da sunayen waccan, rigarsa ba za ta fito daidai tsawo ba.

A ƙasar Hausa

Kalmar kwarashi da kanta shaida ce ta inda abin ya fito, don ita ce kalmar Faransancin nan da Ingilishi ya ara, harshenmu ya gyara ta. Haka ulu da suwaita, daga Ingilishi su ke. Makarantun mishan da makarantun mata na gwamnati, irin waɗanda aka buɗe a Katsina da Kano wajen 1930 da ta horar da malamai mata a Sakkwato a 1939, sun sa ɗinki da aikin hannu cikin manyan darussansu. Matan Hausa sun karɓi kwarashi sun ba shi nasu aiki: huluna, da kayan sanyin jarirai don hunturu, da marufan kwano da na kujera.

Ƙirar rigar kuwa ba baƙuwa ba ce a nan. 'Yar shara ƙyalle ne a ninke, da ƙofar wuya, da gefe a ɗinke, daidai da abin da Red Cross ta rarraba a 1917, ba tare da ɗaya ya ari ɗaya ba. Masaƙinmu yana fitar da siraran ƙyallaye, maɗinki ya jera su gefe da gefe ya tada riga, kamar yadda a ke jera murabba'an kaka. Duk inda yadi ke da tsadar wahala, mutane kan guji yanka shi a lanƙwashe, su gina tufa da miƙaƙƙun sassa. Malamin da ya fara darasinsa da 'yar shara, kafin ya buɗe littafin Turawa, zai tarar ɗalibansa sun riga sun san rabin aikin.

Kammalawa

Akwai abu guda da ya rage, shi ne kuwa mafi nauyi. An yi wa saƙar tsinke biyu inji tun 1589, amma kwarashi har yau ba shi da injin da masana'antu ke aiki da shi. Injunan da a ke laƙaba wa sunansa kamanninsa su ke fitarwa ta wata hanyar saƙa dabam. Dalili kuwa shi ne, ƙugiya tana shiga inda ido ya zaɓa mata, gaba ko baya ko cikin rami, kowane ɗauri kuma sai an kammala shi kafin na gaba. Sabo da haka duk rigar kwarashi ta gaskiya da aka gani a kanti, kome arahar kuɗinta, wani mutum ne ya zauna ya ɗaura ta ɗauri bayan ɗauri. In ta yi araha ƙwarai, ladan mai saƙar ne aka rage.

Wannan shi ne halin da matan Ailan suka sami kansu a ciki, 'yan kasuwa na tsakiya suna cin riba mai yawa a kan guminsu, shi ne kuma halin masu saƙa huluna da kayan jarirai a garuruwanmu. Ya kamata makarantun horar da malamai, in suna koyar da wannan riga, su haɗa da koya wa ɗalibi ya rubuta awoyin da ya ɓatar da kuɗin zaren da ya saya, ya fitar da farashi da kansa. Sauƙin koyon abu dabam, arahar yinsa dabam. Ɗalibin da ya gama rigarsa ta farko ya kuma san abin da ta ci masa, ya koyi sana'ar da tarihinta gaba ɗaya.